Injin zuƙar ruwan ciwo a ƙafar mai ciwon suga: a biya ko a ci gaba da wanki?

Ummu Aisar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san wannan abu ya fahimtar da ni. Babanmu yana da ciwon suga, an yanke masa yatsu biyu a ƙafar dama, wurin ya zama rami mai faɗi, ba a ɗinke ba. Kullum ana wanki, amma kafin la'asar bandejin ya jiƙe sharkaf. Yau likitan ya ce yana so a sa masa wani inji mai zuƙar ruwan ciwo, suna ce masa VAC. Injin haya ne, soso da leda da mazubin ruwan kuma saye ake yi duk lokacin canji. Yayyena sun kasu biyu. Wasu sun ce a biya ko da za a sayar da fili, wasu sun ce hanyar cin kuɗi ce kawai. Ni ce nake kwana da shi, ni ce nake ganin yadda yake cije leɓe a lokacin wanki. Don Allah wanda ya taɓa ganin aikin injin nan ya yi magana.

Hajiya Mairo:
Wa alaikumus salam. Sannu da jinya 'yata, Allah Ya sa kaffara ne, Ya ba shi lafiya. Sista Rabi tana nan, ita ce za ta warware miki.

Sista Rabi:
Amin Hajiya. Ummu Aisar sannunku da ɗawainiya. Na sa wa marasa lafiya wannan inji da hannuna a ɗakin tiyata, bari in faɗa miki yadda yake.

Bayan an kankare mataccen nama an wanke ramin tas, sai a yanka wani baƙin soso na musamman daidai girman ramin a cusa a ciki. A rufe da leda mai manne wadda iska ba ta shiga ta ko'ina, a huda ledar a manna bakin tiyo, tiyon ya tafi zuwa injin. Da an kunna za ki ga soson ya tsuke ya lafe. Yawanci ana saita shi a kan 125 mmHg, wato ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, amma nan ja yake yi maimakon matsa.

Ruwan da ke jiƙa bandejin Baba, shi ne zai riƙa tafiya cikin mazubi dare da rana. Kumburin gefen ciwon yana sacewa, bakin ramin yana matsowa, kuma jan da ake yi wa naman yana sa sabon nama ja mai ƙuraje-ƙuraje ya tsiro daga ƙasa. Wannan naman shi ake jira, don a kansa ake ɗinki ko dashen fata. Ana canza soson duk bayan kwana biyu zuwa uku, ba kullum ba. Ga dattijon da ke shan wuyar wanki kowace safiya, wannan kaɗai sauƙi ne babba. Ramin da ya biyo bayan yanke yatsu kuwa, shi ne irin ciwon da na fi ganin injin ya yi wa amfani.

Baban Walid:
Sista, da girmamawa, ni ban yarda ba. An sa wa mahaifiyata wannan inji, mun biya iya ƙarfinmu, mun ci bashi. Duk lokacin da aka buɗe, ramin yana nan fari fat, babu wani jan nama. Daga baya gefen ya fara baƙi, ƙarshe aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da mun san haka da kuɗin ya tafi wurin ƙafar roba. Ummu Aisar, ki gaya wa yayyenki su riƙe filinsu.

Ummu Aisar:
Innalillahi. Baban Walid, Allah Ya ba Mama lafiya. Wallahi irin wannan nake tsoro.

Dakta Kabiru:
Baban Walid, Allah Ya saka muku da alheri kan abin da kuka yi wa Mama. Ban ga ƙafarta ba, ba zan yanke hukunci a kan aikin wani ba. Amma siffar da ka bayar, rami fari wanda ba ya jini sannan gefe ya yi baƙi, siffa ce ta ƙafar da jini ba ya isa gare ta. Ina so in tambaye ka: kafin a sa injin, an yi mata awon jijiyoyin jini na ƙafa, wanda ake ɗora ɗan abu a kan sawu ana sauraron bugun jini?

Dalilin tambayar shi ne, injin nan ba ya kawo jini. Ciwon suga na shekaru yana toshe jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, musamman na ƙasan gwiwa. Sa injin a irin wannan ƙafa kamar zuba taki ne a gonar da ba ta samun ruwa. Har ma jan da yake yi yana iya ƙara wa gefen ciwon lahani.

Don haka Ummu Aisar, kafin maganar kuɗi akwai abin da za ki tambayi likitan Baba. Na farko, yaya jini yake zuwa ƙafar? Ana gwada hawan jinin idon sawu da na hannu. In na sawu ya gaza kashi 90 cikin ɗari na na hannu akwai alamar toshewa, in ya yi ƙasa da rabinsa kuwa abin ya yi tsanani, likitan jijiyoyin jini ake nema da gaggawa. Kuma a masu suga jijiyar takan yi tauri ta ba da lamba mai kyau ta ƙarya, shi ya sa inda ake da kayan aiki ake auna na babban yatsa ma. Na biyu, ƙashin da ya rage lafiyarsa ƙalau? In ƙwayoyin cuta sun shiga ƙashi ba a magance ba, ba a rufe shi da leda. Sannan ko akwai sauran baƙin nama ko mugunya? Injin ba ya cire mataccen nama, wuƙar likita ce take yi. In waɗannan sun yi daidai, to ramin Baba yana cikin waɗanda ake sa ran injin zai taimaka musu.

Baban Walid:
Dakta, babu wanda ya taɓa yi mana maganar awon jijiya. Da hannu kawai aka taɓa sawun. To ka ga maganata ta fito ke nan. In ana sa wa mutum inji ba a duba wannan ba, me ake nema in ba kuɗi ba?

Dakta Kabiru:
Ba zan ce maka babu masu yin haka ba. Amma sau da yawa abin da na gani shi ne dangi sun matsa a yi wani abu ko mene ne don kada a yanke, likita kuma ba ya son ya zama shi ne ya ce babu dama. Sai a sa inji a ƙafar da lokacinta ya riga ya wuce. Akwai binciken da aka yi a manyan asibitoci shida na Najeriya tsakanin 2016 da 2017, har da Kano da Zariya, a kan mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa na suga. An yanke wa kusan kashi 35 cikin ɗari wani sashe na ƙafa, kusan kashi 20 kuma sun rasu. Mafi yawansu sun iso asibiti ne ciwon ya riga ya yi nisa. Babu injin da zai gyara wannan.

Tunda ana maganar sayar da fili, ya kamata ku san abin da bincike ya nuna game da injin kansa, da daɗinsa da rashin daɗinsa. Wasu malamai biyu a Jami'ar Wake Forest ta Amurka, Louis Argenta da Michael Morykwas, su suka fitar da shi a wannan siffa, suka buga sakamakonsu a 1997. A 2005 David Armstrong da Lawrence Lavery suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi masa a kan masu suga 162 da aka yanke wa wani ɓangare na ƙafa, irin na Baba. Cikin mako 16, kashi 56 na waɗanda aka sa wa injin sun warke, na masu wanki na yau da kullum kashi 39. A 2008 aka fitar da wani da aka yi a kan mutum fiye da 300, kusan kashi 43 na masu injin suka warke, na masu wanki kashi 29. Duka biyun kamfanin KCI mai ƙera injin a lokacin ne ya ɗauki nauyinsu, wannan ma a sani. Sai a 2020 Jamusawa suka fitar da nasu da suka yi a kan mutum 368 a yanayin aiki na yau da gobe, ba su ga ya fi wanki mai kyau ba, duk da cewa nasu binciken ma ya sha fama da masu daina jinya a tsakiya da giɓin bayanai.

Shi ya sa ƙungiyar masana ƙafar masu suga ta duniya, a ƙa'idojinta na 2023, ta ce a iya amfani da shi a ramin da ya biyo bayan tiyata, a matsayin ƙari kan sauran kulawa, amma kada a sa shi a gyambon da ba a yi wa tiyata ba. Ku lura, ko a bincike mafi yabon injin, kusan rabin mutane ba su warke a wata huɗu ba. Duk wanda ya ce muku tabbas ne, ku yi hattara da shi.

Sista Rabi:
Dakta na yarda da lissafinka, amma akwai abin da lissafin ba ya ƙirgawa. Ba ya ƙirga tsohon da ya daina cin abinci saboda warin ƙafarsa, ko jikokin da suka daina shiga ɗakinsa. Ba ya ƙirga zanin gado da ake wankewa sau uku a yini. Da an rufe da leda, warin nan yana raguwa ƙwarai, mutum ya samu barci, ya ci abinci, sugansa ma ya fi saituwa. Kuma ku lissafa kuɗin wankin kullum, da gozi, da ruwan gishiri, da kuɗin gado na watanni. In injin ya cika ramin da wuri aka yi dashen fata aka sallame shi, wani lokacin shi ne mai araha.

Dakta Kabiru:
Gaskiya ne Sista, ku kuke tsaye a kansu, mu zagaye muke yi mu wuce. Abin da nake gudu kawai shi ne a kashe duk kuɗin gida a haya, sannan a rasa na insulin da na maganin ƙwayoyin cuta da na abinci mai gina jiki. In dole a zaɓa, waɗannan ne a gaba.

Nas Hadiza:
Salam. Ni a Ingila nake aiki, muna zuwa gidajen marasa lafiya muna canza musu. Nan akwai wani ƙarami mai suna PICO na kamfanin Smith & Nephew, yana shiga aljihu, da batir yake aiki, ba shi da mazubi, ruwan a cikin filastar yake tsayawa. Ja na 80 mmHg yake yi, bayan kwana bakwai a jefar. Amma na ciwo ne marar zurfi marar ruwa da yawa, ba zai ɗauki ramin Baba ba yadda kika siffanta shi.

Abin da na shigo in faɗa shi ne taka ƙafar. Nan ba a sallamar mai gyambon tafin ƙafa ba tare da takalmi na musamman ko siminti mai ɗauke nauyi daga wurin ba. Mai suga sau da yawa ƙafarsa ta mutu da ji, zai taka ramin har banɗaki ya dawo bai ji komai ba, naman da ya tsiro a kwana uku ya murƙushe a tafiya ɗaya. Kuma ki sa ido kan tiyon. Kada ya bi ta ƙarƙashin tafin ƙafa ko diddige, kada Baba ya kwanta a kansa. Ana yi masa gada da soso a ɗora bakin tiyon a bayan ƙafa. Na ga wanda tiyo ya buɗe masa sabon gyambo kusa da tsohon.

Malam Isuhu Maraɗi:
Ina da tambaya. Duk wannan bayani na wurin da wuta ke tsayawa ne. Mu nan lokacin zafi sai a ɗauke wuta rabin yini. In an ɗauke yaya ake?

Sista Rabi:
Malam Isuhu tambayarka ita ce babba a wurinmu. Injin yana da batir mai ɗaukar awanni, sai a riƙa cajinsa duk lokacin da aka kawo wuta, ko da sola ko janareta. Ƙa'idar masu ƙera shi ita ce kada ya tsaya fiye da awa biyu a yini. In ya wuce haka, a cire soson gaba ɗaya a yi wanki irin na da, har sai an samu wuta. Soso a rufe cikin leda babu ja, ga ɗumi ga ruwa, ƙwayoyin cuta suke samun wurin zama. Gidan da ba shi da tabbacin caji, kuma babu mai iya cire soso cikin dare, gara a bar mara lafiya a asibiti ko a haƙura da injin.

Abdul Injiniya:
Ni fa na kalli hotunan injin nan, ba wani abu ba ne illa famfon ja da ma'auni. Da famfon tankin kifi da aka juya, da soson katifa, da ledar naɗe abinci, zan haɗa irinsa da kuɗi kaɗan. Me zai hana mu taimaki talakawa da shi?

Dakta Kabiru:
Abdul, niyyarka mai kyau ce, kuma ba ka yi nisa da gaskiya ba. Likitoci a Najeriya da Indiya da wasu ƙasashe suna haɗa irinsa a asibiti, da injin zuƙa na ɗakin marasa lafiya, da tiyon hanci, da soson da aka tsarkake a tukunyar asibiti, kuma ana samun nasara. Amma a asibiti, da ma'aunin ja a gaban ido, da nas a kusa.

Abin da ake biya a na kamfani ba famfon ba ne, ƙararrawa ce. In mazubi ya cika, injin ya tsaya ya yi kuka. Famfon kifi ba ya tsayawa. In wata jijiya ta fashe a ƙarƙashin soso da tsakar dare, zai ci gaba da zuƙe jinin mutum yana barci. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2009, ta sake a 2011, inda ta ce ta samu rahoton mutuwar mutum 12 da raunata 174 da ke da alaƙa da waɗannan injuna tun daga 2007, kuma zubar jini ne ya fi kawo mummunan sakamako. Wannan fa da injin kamfani ne. In kana so ka taimaka, ka nemi sashen tiyata na asibitin koyarwa ku yi aikin tare. Kada ka kai wa kowa gida.

Ummu Aisar, wannan ya shafe ki. In Baba yana shan maganin tsinka jini, irin su warfarin ko clopidogrel ko aspirin, ki tabbata likitan ya sani. Ruwan mazubi yakan zama ruwan ɗorawa ko ja-ja mai haske. In kika ga jan jini sak yana gudu a tiyo, ki kashe injin nan take, ki danne wurin da hannu, ki kira nas.

Sista Rabi:
Ƙari a kan na Dakta: duk ranar canji ki tambaya gutsuren soso nawa aka sa, a rubuta lambar a jikin ledar da biro. Ranar cirewa a ƙirga su cika. Gutsure yakan maƙale a lungu, nama ya rufe shi, ya zama mugunya daga baya. In cirewar tana yi masa zafi, a kashe injin tukuna, a jiƙa soson da ruwan gishiri na asibiti a bar shi ya ɗan jima kafin a ɗaga.

Hajiya Mairo:
Ni tambayata biyu. Na daɗe da suga, kuma da na samu ɗan ciwo a yatsa zuma na sa ya warke. Ba za a gwada wa Baba ba? Sannan alwala fa, yaya zai yi da ƙafa a cikin leda?

Dakta Kabiru:
Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya, kin yi sa'a jininki yana zuwa ƙafa. Ƙa'idojin 2023 da na ambata ba su goyi bayan zuma a gyambon suga ba, don ba a samu hujja mai ƙarfi ba. A ramin da ƙashi ke kusa, ina roƙo kada a sa komai da ba a asibiti aka bayar ba, ko zuma, ko garin magani, ko gashi da ruwan zafi. Gashin nan ya cinye ƙafafu da yawa, domin mai suga sau da yawa ba ya jin ƙuna.

Malam Isuhu Maraɗi:
Hajiya, ta alwala kam akwai sauƙi. Malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri ga mai rauni, in wankewa za ta cutar. Ya wanke sauran gaɓɓai, ya shafi saman ledar sau ɗaya da danshin hannu, ya yi sallarsa a zaune. Ɗaya ƙafar kuma a riƙa tsane tsakanin yatsunta bayan alwala.

Ummu Aisar:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na je da tambayoyin. Likitan ya ce an yi awon jijiya kafin tiyata kuma jini yana zuwa sosai, hoton ƙashi ma bai nuna komai ba. Ya ce mu gwada na mako biyu, a auna ramin a ɗauki hoto duk ranar canji. Amma babban yayanmu yana so a kai Baba gida da injin don a rage kuɗin gado.

Sista Rabi:
A'a, kada ku yi gaggawar wannan. A bar shi a asibiti ko da canji biyu ko uku na farko ne. Tsakanin yatsu wuri ne mai wuyar mannewa, ledar tana yawan ɓallewa, injin ya yi ta kuka cikin dare, kuma sai wanda ya saba ne zai gane inda iskar ke shiga.

Baban Walid:
Mu ma mako biyu aka ce mana da farko, ya zama wata da watanni. Ku sa a gaya muku tun yanzu me za a gani a mako biyun da zai sa a ci gaba, me kuma zai sa a tsaya.

Dakta Kabiru:
Wannan sharaɗi na Baban Walid ku riƙe shi. Abin da ake so a gani shi ne ƙasan ramin ya yi ja, zurfinsa ya ragu a ma'auni, ruwan mazubi yana raguwa. In an buɗe sau da yawa ramin yana nan yadda yake, ko gefe ya fara duhu, ko wari ya ƙaru, ko zazzaɓi ya zo, ko suga ya haura ba dalili, a cire a sake duba jini da ƙashi, kada a ƙara biyan haya.

Malam Isuhu Maraɗi:
Dakta, kafin ka tafi. Ƙanen mahaifina yana kwance, diddigensa ya yi baƙin ɓawo mai tauri, ba ya ruwa ba ya wari. Shi ma injin zai yi masa?

Dakta Kabiru:
A'a Malam, ba a sa shi a kan baƙin ɓawo. Kuma kada kowa ya ɓamɓare shi ko ya jiƙa shi a gida. Ku sa matashi a ƙarƙashin ƙwaurinsa yadda diddigen zai rataya bai taɓa katifa ba, ku kai shi a auna jinin ƙafar a cikin makon nan. In ɓawon ya fara laushi, ko ruwa ya fara fita, ko gefensa ya yi ja, ku tafi asibiti a ranar.